Keke a Kan Burji, Daga Bakin Dam Zuwa Gindin Dutse

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na cikin gari da na ƙauye, har da 'yan uwanmu da halin da ake ciki ya tilasta wa kwana a garin da ba nasu ba. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yau zancen keke za mu yi, da irin hanyar da yake bi a wajenmu: burji, da turba, da burtali, da gefen dam, da gindin dutse. Na san wani zai ce ana fama da abin da ya fi wannan, me ya kawo maganar keke? To, ga dalili. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Babura da yawa sun koma jingine a zaure. Tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix da aka manta da su a shago an fito da su an kakkaɓe. Malamin firamare, da mai lambu, da ɗan tireda, da yaron da makarantarsa take ƙauyen gaba, duk sun koma kan sirdi. Abin da ya dawo hannunmu haka, ya kamata mu san yadda za mu ci moriyarsa ba tare da ya karya mu ba.

Ku duba ƙasar tamu. Kudancin Katsina ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarsa ja ce mai ƙarfi, shi ya sa ake noma masara da dawa da auduga da waken suya, ga rake da shinkafa a fadamu. Daudawa ta yi suna da gonar irin auduga tun zamanin Turawa. Ƙanƙara na da farar ƙasar da ake haƙa ana kai wa masana'antu. Amma kwalta kaɗan ce. Akwai babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau da ta ratsa Sheme da 'Yankara, akwai wadda ta haɗa Ƙanƙara da Sheme, akwai ta Funtuwa da ta bi ta Ɗandume ta nufi Sabuwa. Da ka sauka daga irin waɗannan, sai jan burji da sawun amalanke. A kansu ake kai amfanin gona kasuwa, a kansu ake kai mai naƙuda asibiti.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, irin wannan hanya da muke kuka da ita, a wasu ƙasashe nemanta ake yi da kuɗi. A Amurka, a wani gari da ake kira Emporiya a jihar Kansas, mutum 34 suka fara wani tseren keke a 2006, a kan hanyar tsakuwa mai tsawon mil 200, wato kusan kilomita 320, cikin tuddai da makiyaya. Yau dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a Italiya. A nan Afirka ma, tun 2021 ake yin irinta a yankin Masai Mara na Kenya, kwana huɗu ana tafiya cikin daji da ƙauyuka. A Ingila kuwa, tsofaffin magudanan ruwan da aka haƙa tun shekarun 1700 don dakon kaya, waɗanda a da dawakai ke bin gefensu suna jan jiragen ruwa, turbar dawakan nan ce ta zama hanyar masu keke.

Me suke nema? Su guje wa motoci, su shaƙi iska, su ga ruwa da dutse, su motsa jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma hawan keke na rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Manomin da ke taka keke zuwa lambu kullum ya wuce wannan adadi tun tsakiyar mako. Ni a ganina, ɗan Ruwan Godiya ko ɗan Damari da ya tashi yana hawan keke da buhu a baya ya fi da yawa daga cikin 'yan gasar nan sanin ƙasa. Abin da ya rage masa shi ne kula da ƙarfen, da kula da ransa.

Mu fara da taya, don ita ce ke taɓa ƙasa. Kekunan da ake ƙerawa musamman don tsakuwa suna da taya mai faɗi, milimita 35 zuwa 50, kuma ba a cika mata iska tam. Tsohon kekenmu ma tayarsa na da faɗinta daidai gwargwado. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a buga famfo har sai taya ta yi tauri kamar dutse, wai don keke ya yi gudu. A kan kwalta hakan na da amfani. A kan burji kuwa, tayar da ta cika iska tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, ta jijjiga maka kwankwaso, ta kwance maka notuna. Rage kaɗan, yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa. Kada kuma ka rage da yawa, don in ka daki dutse, ƙarfen wili zai cije tib ya huda shi wuri biyu. In za ka ɗauki kaya, ƙara wa ta baya.

Sai ƙaya. Duk mai keke a ƙasar nan ya san tsidau, ɗan ƙaramin abu mai ƙahoni da ke shimfiɗe a gefen hanya, musamman da kaka in ciyawa ta bushe. Ga farar ƙaya, ga ta aduwa da ta magarya da masu shinge ke sarewa su bari a burtali. Ku tsaya wata rana ku kalli mai faci na gindin bishiya yadda yake aiki, akwai karatu a ciki. Zai zare tib, ya ɗan buga masa iska, ya riƙa nutsa shi sashe-sashe a cikin kwanon ruwa har ya ga inda kumfa ke tasowa. Ya soka ɗan tsinke a wurin don kada ya ɓace masa. Ya goge ruwan, ya kankare wurin har robar ta yi kaushi, ya shafa sholisho a tib da kuma ɗan facin, sannan ya ajiye su. Ba ya haɗa su nan take, sai sholishon ya sha iska ya daina danshi, ya zama yana ɗan kama yatsa. Yaro mai gaggawa a nan yake ɓata aiki, ya manna da ɗanye, kafin ya kai gida facin ya ɗaye. Kafin kuma gwanin ya mayar da tib, sai ya zura yatsunsa cikin tayar ya zagaya a hankali, yana laluben ƙayar da ta yi ɓarnar. In bai cire ta ba, tana nan tana jiran sabon faci. Wannan aiki kowane mai keke ya kamata ya iya shi da hannunsa, ya riƙa tafiya da famfo da sholisho da guntun tsohon tib da sifana ɗaya ɗaure a ƙarƙashin sirdi. Tsakanin wasu ƙauyukan namu babu mai faci, kuma ba kowane wuri ne ake son mutum ya daɗe a tsaye ba.

Sarƙar keke kuma, da hunturu ƙura ce abokiyar gabarta. Mutanenmu kan kwarara mata baƙin mai har yana ɗiga. Mai da ƙura in sun haɗu sai su zama abin niƙa, su cinye haƙoran keken. Goge ta da tsumma, ɗiga mai kaɗan, juya feda, sake gogewa. Sirdi ma a daidaita shi: in ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Yawancin ciwon gwiwar masu keke daga sirdin da ya yi ƙasa yake.

Yanzu mu hau hanya. Wajen Ƙanƙara da Pauwa, da yammacin Faskari, ƙasa ce mai duwatsu da hawa da gangara. Hawa ba ya kashe mutum, in ya fi ƙarfinka sauka ka tura, babu kunya. Gangara ce abin tsoro. A kan tsakuwa, in ka damƙe birkin gaba da ƙarfi, tayar gaba za ta zame ko ta kafe, kai kuma ka wuce ta saman kan keken. Fara rage gudu tun daga sama, ka riƙa matsa birki biyun tare a hankali, ka ja jikinka baya a kan sirdi. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, kada ka bari sai kana cikinta. Wanda ya ɗauko buhu ya san nauyi na tura keke, don haka ya ɗaure kayan a tsakiyar kariya, kada ya rinjaya gefe guda. Birkin ƙarfe na tsofaffin kekunanmu kuwa, da wili ya jiƙe ba ya kamawa da wuri. In ka ratsa ruwa, matsa shi sau biyu ko uku a fili ya bushe tun kafin ka buƙace shi.

In ka tarar da yashi, kada ka daina taka feda, kada kuma ka murɗa kan keke da ƙarfi, bar shi ya nemi hanyarsa. In laka ce ta jan ƙasa bayan ruwa, tana cushewa tsakanin taya da madogadi har keke ya tsaya cak, sai ka nemi kara ka sakace.

Rafi da damina shi ne wanda nake so iyaye su ja wa yara kunne a kansa. A watan Agusta ana iya yin ruwa can kan duwatsu, nan inda kake ko ɗigo bai sauka ba, sai ka ga rafin da ka tsallake da safe ya kawo jan ruwa yana tafe da itace. In ruwa ya kai gwiwa kuma yana gudu, kada ka shiga da keke a kafaɗa. Zauna ka jira, irin wannan ruwan ba ya daɗewa yake janyewa.

Mu zo bakin dam. Madatsar Mairuwa da ke ƙasar Faskari, wadda Funtuwa ke shan ruwanta, wuri ne da in ka isa da hantsi a kan keke za ka ji daɗin ranka: ruwa shimfiɗe, masunta a kai, balbela na bin shanu, iska mai sanyi. Can Dutsin-Ma akwai madatsar Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa. Wanda kuma yake son ya ga magudanan noman rani masu tsawo, da hanyar burji shimfiɗe a gefensu, ya je Kadawa da Kura a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bi tun shekarun 1970. Hanyar gefen magudana ta fi kowace sauƙi ga mai keke, don ruwa ba ya hawa tudu, ita ma ba ta hawa. Sai dai gefen sumunti na da santsi da gansakuka, wanda ya faɗa da wuya ya samu abin kamawa. A ba bakin tazara, musamman in yaro ne ko mai kaya.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙo a nan. Na farko, bangon dam ƙasa ce aka tara aka daddanne. In masu keke da babura da dabbobi suka fitar da turba a jikin gangarensa, ruwan sama zai bi turbar ya yi zaizaya. A bi hanyar da aka tanada, kada kuma a kwashi duwatsun da aka jera a jikinsa. Na biyu, a daina wanke keke ko babur a cikin dam. Man da ke fita ruwan shan mutane yake shiga. Kai kuma da ka tsaya a ciki har ƙwauri, ka ba tsargiya dama. Ƙwayar cutar daga jikin katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fata ta shiga jini, bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Cuta ce, tana lalata mafitsara in aka bar ta, kuma tana da magani a asibiti, har rabawa ake yi a makarantu. Yaron da ya ga jini ya faɗa wa iyayensa, a kai shi.

Da bazara kuma, a fita da sassafe, a ɗauki ruwa a gora ko jarka, kada a jira sai ƙishirwa ta kama. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya nemi inuwa.

Jama'a, duk abin da na faɗa zuwa yanzu mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne tsaro, kuma ba zan yi muku zancen yawo a keke in tsallake shi ba. Ba mu manta daren 11 ga Disamban 2020 ba, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba mu manta 2021 ba, da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da namu ukun nan. A wancan lokaci keke na cikin ɗan abin da ya rage wa talaka. Dajin Kogo da ke ƙasar Faskari yana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa. Wuri ne da ya kamata a ce ɗalibai da baƙi na zuwa kallo. A yau ba wanda zan ba shawarar ya doshe shi da keke, kuma wannan abu yana yi mini ciwo, domin akwai yaran da aka haifa a gindin duwatsun nan da ba su taɓa hawansu ba.

A watan Oktoban 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma, wasu wurare kuma ana jin an zauna sulhu, hanya ta buɗe, an koma gona. Muna fata ya ɗore. Amma hanyar da ke lafiya wannan mako tana iya canzawa mako mai zuwa, don haka matambayi ba ya ɓata. Kafin ka kama turbar da ba ka bi jiya ba, tambayi mai unguwa, tambayi direbobin tasha da waɗanda suka fito daga can da safen nan. Ku tafi ku biyu ko uku. Kada a yi sammakon duhu, kuma la'asar ta yi maka a kan hanyar gida. Faɗa wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. In ka zo shingen jami'an tsaro, sauka tun daga nesa, yi sallama, amsa abin da aka tambaye ka.

Samarinmu na Funtuwa da Malumfashi da Katsina da suka fara sayen keke mai giya suna fita motsa jiki, ina jin daɗin ganinku, Allah Ya ƙara lafiya. Ku sa hular kwano, faɗuwa a kan tsakuwa kai take nema. Amma ku sani, mutanen ƙauyen da aka sha kai wa hari suna tsorata da baƙuwar fuska, kuma suna da hujja. Kada ku faɗa gari kuna ɗaukar hoto. Ku fara zuwa ƙofar mai gari ku gaishe shi, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo ku. Kada ku ɗauki hoton wurin jami'an tsaro, kada kuma ku sanar a Facebook ko WhatsApp cewa gobe ga hanyar da za ku bi. In aka ce muku kada ku wuce nan, ku juya.

Saura hanyar kanta. Abin da ke kashe burji ruwa ne. Hanyar da aka yi da kyau tana da ɗan doro a tsakiya, ruwa ya gangara gefe ya bi lambatu ya shige kwalbati. Da lambatu ya cike, ko manomi ya ci gefen hanya da garma, sai ruwa ya dawo tsakiya ya haƙa kwari. Ramin da mutum biyar za su cike da shebur a watan Mayu, in aka bar shi zuwa Satumba ya zama kwazazzabon da sai an kawo katafila. Iyayenmu da aikin gayya suke riƙe hanyoyinsu, kuma har yanzu ba abin da ya hana mu. Jihar Katsina na cikin jihohin da ke cikin shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa. Ya kamata kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su tsaya tsayin daka hanyoyinmu su samu rabonsu, kuma in an gyara a ware abin kula da su duk shekara.

Direbobin manyan motoci da 'yan acaɓa, don Allah in kun hango mai keke a kan burji ku rage gudu ku ba shi fili. Ƙurar da kuke tayarwa tana rufe masa ido, tsakuwar da tayarku ke watsawa tana fasa goshi. Wataƙila ɗalibi ne, wataƙila dattijo ne sa'an mahaifinku.

Masu unguwanni da shugabannin matasa, ina roƙonku tun kafin ruwan farko ya sauka, ku sa rana ɗaya ku fito da shebur da kwando, ku yashe kwalbatin da ke bakin garinku, ku cike ramin da kowa ya sani, ku kwashe ƙayar da ke burtali. Iyaye kuma, yau da yamma ku duba birkin keken da yaronku zai hau gobe.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.